Taka Inda Na Taka

Shagon askina yana kallon ƙofar gidan Saje ido da ido tun kafin furfura ta san hanyar kaina. Saboda haka yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, in ana neman mai ba da labarinsa, ga ni, ko ana so ko ba a so. 'Ya'yansa sun san uba. Ni kuwa na san ƙeya, na san haɓa, na san wani tabo a bayan kunnensa na hagu da ko matarsa sai ta leƙa take gani. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana miƙa maka wuya kana riƙe da aska, ai ka wuce maƙwabci a wurinsa.

Bai taɓa kirana da sunana ba. Farar Hula yake ce mini, sai ka ce ni kaɗai ne ban yi soja ba a duniya. Ni ma ban bari ta kwana ba, na raɗa wa matarsa Kwamanda, don duk layinmu an san wanda ke ba da oda a gidan nan. Sunan ya bi ta har bakin jikoki. Ita kuma ta rama, ta sa mini Aku, wai bakina ba ya hutawa ko ina barci.

Akwai wani tsohon madubi a shagona, ya yi dabbare-dabbare, komai ka gani a cikinsa kamar a ƙarƙashin ruwa yake. Yana fuskantar layi. A cikinsa na fara ganinsu ranar da suka tare. Mota ta sauke su a bakin titi don layinmu ya yi mata ƙunci. Sai ga wani dogo siriri a gaba, kai a sunkuye kamar wanda allura ta faɗi masa. Bayansa mace da ƙunshi a ka da goyo. Bayanta yara, ƙarami na bin babba, kowa yana ɗora ƙafarsa daidai inda uban ya ɗaga tasa. Na ajiye almakashi na fito da kan mutum rabi a aske, na ce musu sannu da zuwa, agwagwa da 'ya'yanta. Dogon ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya ce in matsa daga kan tulin yashin da na tsaya.

Haka suke tafiya ko'ina, kasuwa ko makaranta ko wurin likita. Shi a gaba, su a baya, kuma dokar guda ce, ku taka inda na taka. Ba ya taka ƙasar da aka tona aka mayar. Ba ya taka gwangwanin da ya lotse, ko waya da ta leƙo daga ƙasa, ko tabon da ya fi sauran wuri laushi. In ya gamu da irin wannan sai ya yi cak, duk jerin ya yi cak, ya zagaye, su zagaye. Goyon nan da aka shigo da ita, wato Auta, da ta fara tafiya ƙafarta ba ta kai takun uban, sai ta riƙa tsalle daga sawu zuwa sawu kamar kwaɗo. Da ya lura, sai ya rage takunsa. Ƙaton soja yana tafiyar amarya a tsakiyar layi, ni kuwa me zan yi in ba tsokana ba? Nakan tambaye shi ko an samo allurar. Yakan ce ana nan ana nema, Farar Hula.

A kujerar aski na tattara tarihinsa, guntu-guntu, don Saje ba ya magana sai an rufe masa fuska da tawul mai zafi. Ɗan manoma ne. Ya ce takalmi ne ya kai shi soja. Yana saurayi ya ga wani soja ya sauka daga mota da takalmi yana sheƙi, shi kuwa ƙafarsa ba ta taɓa shiga komai ba sai ƙaya. Ya bi takalmi har bariki. Aka ba shi takalmin, sannan aka ba shi aikin da da gwiwa ake yinsa. Na ce to ai an cuce ka, ya ce ba ƙarya.

Aikin shi ne tono nakiyar da abokan gaba ke binnewa a hanya, wadda in ka taka sai dai a tsinci hularka. An kai su yaƙi wata ƙasa mai yawan ruwan sama. Kafin rundunar ta wuce, shi ne ke shiga gaba da rarrafe, da wani tsinken ƙarfe mai tsawon kamu biyu, yana soka shi a ƙasa a karkace, a hankali, kamar mai taɓa jariri. In tsinken ya ji tauri sai ya ajiye shi ya koma tono da yatsu. In yana ba da wannan labari muryarsa takan yi ƙasa har in dakatar da aska. Ya ce bai taɓa ganin safiya mai kyau kamar ta wuraren nan ba. Hazo kwance a kan ciyawa, raɓa na jiƙa gwiwa, malam-buɗe-littafi ya zo ya sauka a kan tsinken ya ƙi tashi, duniya ta yi tsit har kana jin numfashin mutanen da ke bayanka suna jiran sawunka. Ya ce a nan ya gane ƙasa tana magana, amma da yatsu ake jin ta.

Yana da aboki a can, wani gajeren Kofur mai yawan fito. Wata safiya zazzaɓi ya kama Saje, hannunsa na rawa, Kofur ya karɓi tsinken ya ce yau kai ka bi bayana. Ya shiga gaba yana fito. Daga nan Saje ya ce in ƙara ruwan zafi, tawul ya huce. Sau ɗaya tak ya kai ni wannan wurin a labarin, bai kuma ƙarasa ba. Da na cire tawul ɗin ya dubi madubi ya ce, “Tun ran nan ba wanda nake so da ya ƙara shiga gabana.” Ranar ban tsokane shi ba har ya tafi, abin da matata ta ce a rubuta a bango.

Da ya dawo ne ya gamu da Kwamanda. Tela ce, da kekenta na hannu a baranda kusa da bariki. Ya kai mata wandon kaki ta yi masa faci. Ta ɗaga wandon ta ga gwiwa biyu sun huje, ta dubi takalminsa ta gan shi garau, ta tambaye shi wane irin soja ne wannan da yake yaƙi a durƙushe, ko roƙon abokan gaba yake su yi haƙuri? Ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa rashin kunya mai daɗi irin wannan ba. Sai ya riƙa kai wanduna, har da waɗanda ba su huje ba.

Bayan ya ajiye kaki ya yi gadi a wata masaƙa har ƙarfi ya ƙare. A gida kuwa, in ka ga yadda yake, sai ka rantse bai taɓa riƙe bindiga ba. Shi ke goge kayan makarantar yara, ya fitar da kari mai iya yanka yatsa. Bai taɓa ɗaga wa yaro hannu ba, kallo ɗaya ya isa, in kallo bai isa ba a tura ka wurin Kwamanda, a nan ne za ka gane kurenka. Ba ya cin abinci sai kowa ya ƙoshi. Da yamma yana kan dakalin ƙofar gida, ba ya shiga sai na ƙarshe ya dawo, ko da na ƙarshen ya yi gemu yana tuƙa motar haya, kamar Babba, ɗansu na fari. Tsinken ƙarfen nan ya zo da shi gida, da shi yake huda ƙasa a tsofaffin gwangwanaye yana shuka tumatir. Ƙasar da ya tona da hannunsa ita kaɗai ce sabuwar ƙasar da ya yarda da ita.

Yanzu ga abin da na riƙe a ciki shekaru, ni da ake cewa ba na iya riƙe ko tusa. Ni nake riga kowa buɗe shago a layin, don in dafa ruwa in wasa asake. Kullum da sassafe, gari ya yi shuɗi-shuɗi, sai in ga Kwamanda a madubi ta fito da tsintsiya da bokiti. Ta bi layi tun daga ƙofarsu har bakin titi. Ta tsince gwangwani, ta tuge waya, in yara sun yi tono jiya ta tattake wurin da dunduniya har ya yi tauri. In ta juyo sai ta riƙa share sawunta tana tafiya da baya-baya har ta shige gida. Can an jima Saje ya fito da jerinsa, yana duba hanyar da an riga an duba masa, yana ta ƙoƙari. Ranar da ta kama ni ina leƙe, ta tsaya a bakin shago ta ce mini in ya gamu da abin da bai gane ba a hanya, wuni yake hannunsa na rawa, ko shayi ba ya iya riƙewa. Sannan ta ce, “Aku, in na ji wannan a bakin wani, da almakashin ɗinki zan yi maka aski, kuma ba a ka zan fara ba.” Na kama bakina.

Tsufa ya zo. Yara suka watse gidajensu, sai Auta da ta gaji keken uwar da bakin uwar, tana zuwa kullum ta yi ɗinki a barandarsu. Yanar ido ta rufe wa Saje gani, ya koma ganin duniya kamar yadda madubina ke ganinta. Amma layin yana cikin ƙafarsa, ya san kowane dutse, yakan kai bakin titi da sanda, Kwamanda na biye tana mita.

Da damina ta kama, wata safiya ba a ga tsintsiya ba. Kwamanda ta faɗi a tsakar gida tana riƙe da ƙirji. Babba ya zo ya ɗauke ta sai asibiti, aka ce Saje ya zauna, gobe a zo a kai shi. Ko awa ba a yi ba sai ga masu shimfiɗa bututun ruwa da diga da shebur, abin da muka yi shekaru muna roƙo bai tashi zuwa ba sai ranar. Suka farke layin daga kai har gindi, bango zuwa bango, suka binne bututunsu, suka mayar da jar ƙasa sako-sako suka tafi.

Washegari Saje ya sa rigarsa mai kari, ya fito bakin ƙofa, ya miƙa sanda. Sandar ta nutse. Ya matsa gefe ya sake miƙawa, ta sake nutsewa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna a kan dakali.

Babba ya ce zai goya shi. Saje ya ce wato nauyin mutum biyu a kan ƙafa ɗaya, a'a. Aka kawo katako aka shimfiɗa, ya ce katako danna ƙasa yake, ba ya tambayarta. Mota ba ta shiga. Ni kuma na fito tsakiyar layi na yi ta tsalle kamar ɗan akuya, da tsufana, ina cewa ga shi ban tashi sama ba, ga awaki na wucewa, ga mai kayan miya ya wuce yana tura kurarsa. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Na sani, Farar Hula. Kaina ya san ba komai a ciki sai bututu. Ƙafata ce ba ta sani ba.” Dama an ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Kwanaki suka yi ta tafiya haka. Kullum zai yi shiri ya fito, ya miƙa sanda, ya zauna. In 'ya'yansa za su tafi asibiti sai ya karkata kai yana sauraron takunsu, ba ya sakin numfashi sai sun hau kwalta. Labarin da ke dawowa kuwa ba daɗi. Likita ya ce zuciyar ta gaji, wanda ke son ganinta ya zo. Ita kuma ba ta tambayar kowa sai shi, duk wanda ya turo ƙofa sai ta dubi bayansa. Na riƙa ganinsa a madubi da la'asar, rana ta yi ja a kan jar ƙasa, shi a gaɓar nan, titi a gaɓar can, kamar mai jiran kwalekwale a kogin da ba ruwa.

Wata yamma Auta ta shigo shagona da jajayen idanu, da takalman uwar a leda, irin na roba masu taushi, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe. Ta ce Umma ce ta ba ta, ta ce ta zo ta tambayi Aku abin da ake yi da su, ta kwance masa baki. Na ce a maimaita mini, don ina son kunnuwana. Ta maimaita. Sai na zaunar da ita a kujerar aski na ba ta labarin tsintsiya da bokiti. Ta yi ta kallon madubin kamar za ta hango uwar a ciki.

Ruwa ya sauka kafin gari ya waye, ya shafe layin sumul, ba sawun kowa. Da sassafe Auta ta sa takalman uwar, ta taka daga ƙofar gida har bakin titi, gajeren taku, tana danna ƙafa sosai. Ta dawo ta gefen bango. Ba ta share komai ba. Da Saje ya fito da rigarsa mai kari, ta ce masa an riga an bi hanya, ya duba.

Ya miƙa mata sandar. Ya durƙusa a bakin ƙofa da gwiwoyin nan da suka ci wanduna, ya miƙa hannu yana shafa ƙasa da yatsu har ya sami sawun farko. Ya bi gefensa, ya tsaya a dunduniya. Mu duka muna tsaye, ni da Babba da matan layi a bakin ƙofofinsu.

“Takalmin uwarki ne,” ya ce. “Takun ba nata ba ne. Ita ba ta danna yatsu haka.”

Auta ta ce ita ce, kuma in faɗa ne a yi mata a mota. Ni kuma, tun da an kwance mini baki, na matso na fara zuba, na ce Saje, yau za ka ji abin da ba ka sani ba, shekara da shekaru kana taƙama kai ne a gaba, alhali kullum da sassafe… Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, yana durƙushe.

“Farar Hula, mutumin da aikinsa karanta ƙasa, shi ne zai kasa gane inda tsintsiya ta bi? Tun satin farko na sani.”

Na ce to don me bai hana ta ba, shi da ba ya barin nasa a gaba? Ya ce kullum yana tsaye a bayan taga yana sauraron tsintsiyar har ta dawo, ransa a hannu. In ya hana ta, ba za ta sami natsuwa ba. In ba ta bi ba, shi ba zai iya fita ba. Sai suka bar wa juna, kowa yana ganin ya rufe ɗan'uwansa. Wato ni kaɗai aka bari da dakon sirrin da kowa ya sani, har ina ramewa.

Auta ta ɗaga shi. Ta juya masa baya, ta ɗora hannunsa a kafaɗarta, ta sa ƙafa a sawun farko. Ta ce, “Baba, taka inda na taka.”

Ƙafarsa ta daɗe a sama. Sannan ta sauka.

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Na san dai ruwan da na ɗora ya ƙone a tukunya. Tururi na tashi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, rana na fitowa ta cikinsa, su biyu suna tafiya a hankali kamar masu ratsa gajimare, ta ɗaga ya sauke, ta ɗaga ya sauke. Babba ya bi bayan uban yana taka sawun, da gemunsa da komai. Ban san lokacin da na bi bayan Babba ba, da tawul a kafaɗa. Da na waiga, rabin layi na biye da ni a jere, kowa kai a sunkuye, har da mai kayan miya. Da ƙafar Saje ta ji kwalta ya tsaya ya juyo, ya tambaya ko kowa ya iso. Aka ce kowa ya iso. Sannan ya shiga mota.

Auta ce ta ba ni labarin asibiti. Ta ce da ya shiga, Kwamanda ta buɗe ido ta dube shi tun daga hula har ƙasa, ta ga jar laka a gwiwoyinsa, ta ce har yanzu a durƙushe ake yaƙin? Ya ce hanya ce ba kyau, mai shara ta yi fashi. Ta ce a ba shi kujera. Ya zauna ya riƙe hannunta, bai ƙara komawa gida ba sai da aka koma da ita, ranar da ta cika.

Mun yi tsammanin zai rushe. Bai rushe ba. Da na je yi masa gaisuwa na rasa abin faɗa, karo na biyu a rayuwata, shi ne ya taimake ni. Ya ce kada in damu, halinta ne, ta riga shi fita ne ta duba hanya. Ya ci gaba da ba tumatirinsa ruwa, yana zuwa aski, yana zama a dakali da yamma ko da ba wanda ya rage bai dawo ba. Kafin tumatirin su nuna ya bi ta, da hantsi, a zaune a kan dakalin, sanda a gwiwa, fuskarsa na kallon bakin titi. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

An zuba wa layinmu kwalta bara, ba sauran inda sawu zai fito. Auta ta kawo mini tsinken ƙarfen, wai Baba ya ce a ba Farar Hula ko ya sami abin soka wa bakinsa. Yana nan a gwangwanin tumatir a ƙofar shago. Wani lokaci da sassafe, in tururin ruwan zafi ya rufe madubi, nakan ga kamar jeri na wucewa a ciki, dogo da kai a sunkuye, yara na tsalle a baya, can gaba kuma wata da tsintsiya. Ba na gogewa da wuri. Nakan dai ce masa, Saje, an samo allurar kuwa?